Furotin Masu Sarrafa Rabuwar Ƙwayar Halitta a Matsayin Alamomin Hasashen Makoma a Sankarar Uwar Hanji da Dubura

Tsakure

Wannan takarda ta bi diddigin ƙoƙarin da aka shafe fiye da shekara talatin ana yi na amfani da furotin masu tafiyar da rabuwar ƙwayar halitta, musamman p53 da p27 da saikilin D1 da Ki-67, wajen hasashen makomar masu sankarar uwar hanji da dubura. Matsayar takardar ita ce, gazawar waɗannan furotin wajen shiga aikin asibiti na yau da kullum ta samo asali ne daga zaton da aka gina binciken a kansa, wato cewa ƙullutun da ya fi saurin rabuwa shi ne ya fi saurin kisa, alhali a wannan cuta abin da ke halaka majinyaci shi ne ƙaurar ƙwayoyin sankara zuwa hanta da huhu, kuma ƙwayar da ta ɗaura niyyar ƙaura takan sassauta rabuwa.

Gabatarwa

Sankarar uwar hanji da dubura, wato ciwon dajin da ke tasowa daga shimfiɗar cikin babban hanji har zuwa ƙarshensa, ita ce ta uku wajen yawa a duniya kuma ta biyu wajen kisa, domin ƙiyasin Cibiyar Binciken Sankara ta Duniya da ke Liyon a Faransa ya nuna cewa a 2020 an samu sababbin majinyata kimanin miliyan 1.9, mutum fiye da 900,000 kuma suka rasu. Tun daga 1932, lokacin da Cuthbert Dukes, likitan binciken nama a asibitin St Mark's na Landan, ya kasa sankarar dubura gida uku bisa zurfin da ƙullutu ya yi a bangon hanji da kuma ko ya kai ga kaluluwa, ma'aunin da likitoci ke dogaro da shi shi ne nisan da cutar ta yi a jiki. Tsarin TNM da ake aiki da shi a yau jikan wancan tunani ne, yana duba zurfin ƙullutu da yawan kaluluwar da ta kamu da kuma bazuwa zuwa gaɓoɓi masu nisa, sannan ya sanya majinyaci a ɗaya daga cikin matakai huɗu.

Inda gizo ke saƙa shi ne mataki na biyu, inda ƙullutu ya yi zurfi a bangon hanji amma ba a ga sankara a kaluluwa ba. Kusan huɗu cikin biyar na waɗannan majinyata tiyata kaɗai ke warkar da su, sauran kuwa cutar kan dawo musu bayan shekara biyu ko uku, kuma likita ba ya da tabbatacciyar hanyar bambanta su a ranar da ya sallame su. Gwajin QUASAR na Birtaniya, wanda aka wallafa a 2007, ya nuna cewa ba su maganin kemoterafi bayan tiyata yana ƙara yawan waɗanda ke rayuwa da kimanin kashi 3.6 cikin ɗari kawai, ma'ana a sa mutum ɗari cikin wahalar gudawa da gyambon baki da kasala domin a ceci uku ko huɗu. Shi kansa tsarin matakan ba ya tafiya a jere, domin nazarin da O'Connell da abokan aikinsa suka yi a 2004 a kan majinyatan Amurka sama da 119,000 ya gano cewa masu mataki na IIB, waɗanda ƙullutunsu ya huda bango gaba ɗaya, kashi 72 cikin ɗari ne suka kai shekara biyar, alhali masu mataki na IIIA, waɗanda a takarda sun fi su nisa, kashi 83 ne suka kai.

Wannan giɓi ne ya sa aka bazama neman alama a cikin naman ƙullutun kansa. Wajibi ne a bambanta iri biyu tun daga farko. Alamar hasashen makoma ita ce wadda ke nuna yadda cutar za ta kasance ko da wane magani aka bayar, alamar hasashen amfanin magani kuwa tana nuna ko wani takamaiman magani zai yi aiki ga wannan majinyaci, kuma cakuɗa su ya rikita sakamakon bincike da dama.

Totur da birki a zagayen rabuwa

Ƙwayar halitta, wadda daga nan za a riƙa kira ƙwaya a taƙaice, ba ta rabuwa biyu sai ta bi zango huɗu a jere: G1, inda take girma tana auna ko yanayi ya dace, S, inda take kwafe zaren DNA mai ɗauke da rubutun gado, G2, inda take duba kwafin, sai M, inda take tsagewa biyu. Wadda ta fita daga zagayen ta huta ana cewa tana G0. Injin da ke tura ƙwaya daga zango zuwa zango shi ne rukunin furotin da ake kira CDK, waɗanda ba sa aiki sai sun haɗu da abokan tafiyarsu, saikilin, masu hauhawa da sauka gwargwadon zangon da ake ciki. Tim Hunt ne ya gano saikilin a 1982 a cikin ƙwan bushiyar teku, Leland Hartwell da Paul Nurse kuma suka gano CDK da shingayen bincike na zagayen a cikin yis, su ukun suka raba kyautar Nobel ta 2001.

A zangon G1, saikilin D kan haɗu da CDK4 ko CDK6 su liƙa wa furotin Rb sinadarin fosfet, wanda ke sa Rb ya saki E2F da yake riƙe da shi, shi kuma E2F ya buɗe saɗarun gado, wato sassan DNA da kowannensu ke ɗauke da umarnin ƙera furotin guda, waɗanda ake bukata domin kwafi. Saikilin E da CDK2 su ƙarasa aikin, daga nan kuma ƙwaya ta wuce gaɓar da Arthur Pardee ya bayyana a 1974, wadda in an haye ta babu komawa. Idan waɗannan su ne totur, birkin iyali biyu ne: iyalin p16, masu danne CDK4 da CDK6, da iyalin p21 da p27 da p57, masu danne CDK2 da wasunsa. Lambobin da ke bayan harafin p a sunayen nauyin furotin ɗin ne kawai. A saman su duka akwai p53, wanda in DNA ta lalace yake umartar a ƙera p21 domin a tsayar da zagayen har a yi gyara, in kuma ɓarnar ta wuce gyara ya sa ƙwayar ta kashe kanta.

A lafiyayyen hanji ana iya ganin wannan tsari ƙuru-ƙuru a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Shimfiɗar uwar hanji cike take da ƙananan rijiyoyi miliyoyi a jere, a gindin kowace akwai 'yan ƙwayoyin asali, waɗanda Nick Barker da Hans Clevers suka tantance a 2007 ta hanyar alamar Lgr5. 'Ya'yansu na rabuwa da sauri a ƙasan rijiyar suna ture juna zuwa sama, da sun kusa baki sai p21 ya bayyana a cibiyarsu, su daina rabuwa, su kama aikin tsotse ruwa ko fitar da majina, bayan 'yan kwanaki su zube cikin bayan gida. Saƙon da ke kunna rabuwa a gindin rijiya shi ne Wnt, furotin APC kuma shi ke kashe shi ta hanyar lalata beta-katenin, furotin da ke isar da saƙon. A tsarin da Eric Fearon da Bert Vogelstein suka gabatar a 1990, lalacewar APC ita ce mafarin tsiro, sauyin saɗarar KRAS ya girmar da shi, asarar p53 kuma ta zo daga baya, dab da rikiɗewar tsiro zuwa sankara. A 1999 ƙungiyoyin bincike biyu suka nuna cewa saikilin D1 na cikin abubuwan da beta-katenin ke kunnawa. Da wannan hoto a gaba, ba abin mamaki ba ne masu bincike suka ɗauka cewa auna totur da birki zai faɗi makoma.

p53 da ruɗin rini

Babu furotin da aka yi wa rubuce-rubuce a wannan fage kamar p53. An gano shi a 1979, aka shafe shekara goma ana yi masa kallon mai haddasa sankara, sai a 1989 Suzanne Baker da Vogelstein suka nuna, a cikin sankarar hanji ɗin nan dai, cewa aikinsa na asali hanawa ne, kuma abin da ake ta gani a ƙwayoyin daji gurɓataccen nau'insa ne. Babban binciken haɗin gwiwa da Russo da abokansa suka wallafa a 2005, mai majinyata 3,583 daga ƙasashe 17, ya samu sauyin saɗarar TP53, wadda ke ɗauke da umarnin ƙera p53, a kashi 34 cikin ɗari na sankarar ɓangaren dama na uwar hanji da kashi 45 na ɓangaren hagu da dubura.

Yawancin binciken ba su karanta saɗarar kanta ba, sun yi amfani ne da rinin garkuwa, kuma ya kamata a ga yadda ake yin sa domin a fahimci inda ake zamewa. Naman da aka ciro a tiyata ana jiƙa shi a fomalin, a daskarar da shi cikin kakin farafin, a yanko falle mai kaurin kusan maikiromita huɗu a shimfiɗa a kan gilashi, a dafa shi cikin ruwan sinadari domin furotin ɗin da fomalin ya ƙulle su sake bayyana, sannan a ɗiga sinadarin garkuwa da ke neman furotin guda ya manne masa. Inda ya manne sai wurin ya yi launin ƙasa-ƙasa, sauran cibiyoyin ƙwaya kuma su ɗauki shuɗin rinin hematoksilin. Likitan binciken nama zai zauna ya ƙirga cibiyoyi nawa ne suka yi ƙasa-ƙasa cikin ɗari.

Lafiyayyen p53 ba ya daɗewa a ƙwaya, domin furotin MDM2 na lalata shi cikin mintuna kaɗan, saboda haka a kan gilashi sai jefi-jefi ake ganin sa, dishi-dishi. Gurɓataccen p53 wanda harafi ɗaya ya sauya a saɗararsa yakan taru ya cika cibiya, gilashin ya yi duhu daga gefe zuwa gefe. A nan rini mai ƙarfi yana nufin birkin ya tsinke, akasin abin da ido zai fara zato. Akwai kuma nau'i na uku da tsofaffin bincike suka yi biris da shi: sauyin da ke datse furotin ɗin tun kafin a gama ƙera shi, inda ba a ganin rini ko ɗigo a ƙwayoyin sankara alhali lafiyayyun ƙwayoyin da ke kewaye suna da nasu dishi-dishin. Irin wannan samfuri an riƙa jefa shi rukuni ɗaya da masu lafiyayyen p53 a ƙarƙashin sunan marasa rini, wato an zuba waɗanda birkinsu ya ɓace ɗungurungum cikin masu birki, sannan aka kwatanta rayuwarsu da ta ɗaya rukunin.

Da Munro da Lain da David Lane, wanda yana cikin waɗanda suka gano furotin ɗin tun farko, suka tattara rahotanni 168 masu majinyata 18,766 a 2005, sun samu cewa gurɓacewar p53 na ƙara haɗarin mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku, amma sun kuma samu saɓani mai yawa tsakanin rahotannin da alamun cewa binciken da bai ga komai ba sau da yawa ba a wallafa shi. Abin da ya fi fitowa fili a nazarin shi ne alaƙar sauyin TP53 da rashin jin gashin rediyoterafi a sankarar dubura, wanda magana ce ta amfanin magani. A 2006 ƙungiyar likitocin sankara ta Amurka, ASCO, ta yanke cewa hujjojin ba su isa a shigar da p53 cikin aikin yau da kullum ba.

p27 da saikilin D1, da baƙon da ke bayan labule

Labarin p27 ya fara da armashi. A 1997 Massimo Loda da Michele Pagano da abokansu suka wallafa a mujallar Nature Medicine cewa cikin majinyata 149, waɗanda ƙullutunsu ke da p27 tsakiyar tsawon rayuwarsu wata 151 ne, waɗanda suka rasa shi kuwa wata 69. Sun kuma nuna cewa saɗarar p27 lafiyarta ƙalau, ƙwayar sankara ce ke gaggawar niƙe furotin ɗin a injin lalata furotin da ake kira furotiyazom, daga baya kuma aka gano cewa furotin Skp2 ne ke liƙa masa tambarin yubikwitin da ke kai shi injin. Sai dai marasa p27 a wancan bincike kashi goma cikin ɗari ne, wato mutum goma sha biyar ko kusa da haka, kuma binciken da suka biyo baya sun rabu. Akwai ma wata ƙura, domin p27 na aikin birki ne kawai in yana cikin cibiya, in kuwa aka kore shi zuwa ruwan ƙwaya yakan shiga harkar motsin ƙwayar, don haka rahoton da bai faɗi inda aka ga rinin ba bai faɗi komai ba.

Saikilin D1 ya fi ba da mamaki. Tunda totur ne, an sa ran yawansa zai zama mugun labari, wasu ƙananan bincike kuma sun ce haka ne. Amma Shuji Ogino da abokansa a Boston, da suka duba majinyata 602 daga manyan rukunai biyu na ma'aikatan lafiyar Amurka da aka daɗe ana bibiya, sun ruwaito a 2009 cewa kashi 55 cikin ɗari na da yawan saikilin D1, kuma su ne suka fi tsawon rai.

Wani ɓangare na wannan ruɗani ya warware ne da aka fahimci cewa sankarar uwar hanji ba cuta ɗaya ba ce. A 1993 aka gano cewa kimanin kashi 15 cikin ɗari na tasowa ne ta wata hanya dabam, inda furotin masu gyaran kuskuren kwafi, MLH1 da MSH2 da MSH6 da PMS2, suka daina aiki, sai kurakurai su yi ta taruwa a wuraren da gajerun haruffan DNA ke maimaituwa. Wannan yanayi, da ake kira MSI, ya fi yawa a ɓangaren dama, ƙullutunsa cike yake da ƙwayoyin garkuwar jiki, kuma a matakan farko makomarsa ta fi kyau, ko da yake Ribic da abokansa sun nuna a 2003 cewa ba ya amfana da maganin fulorourasil. Abin lura shi ne irin wannan ƙullutu yawanci p53 ɗinsa lafiyayye ne, p21 ɗinsa na nan, kuma sau da yawa an rufe bakin saɗarar p16 da sinadarin metil. Saboda haka duk binciken da ya auna p53 ko p21 ko p16 bai auna MSI ba, mai yiwuwa ne kallon kitse ya yi wa rogo, ya jingina wa furotin ɗin alherin da na garkuwar jiki ne. Ogino ya yi la'akari da MSI a lissafinsa kuma sakamakon saikilin D1 bai gushe ba, abin da ke nuna cewa da sauran bayani.

Ki-67 da bakin gaɓar ƙullutu

Sauran bayanin yana wurin Ki-67, furotin da Johannes Gerdes da abokansa suka gano a 1983 a birnin Kiel na Jamus, inda sunan ya samo asali. Ki-67 na bayyana a duk zangon zagayen ban da G0, don haka shi ne ma'aunin kai tsaye na yawan ƙwayoyin da ke rabuwa. A sankarar mama da sankarar ƙwayoyin jijiya masu fitar da sinadarai a hanji, yawansa mugun labari ne, har da shi ake kasa darajar ta biyun. A sankarar uwar hanji kuwa, Carmen Allegra da abokansa sun duba majinyata 706 masu matakin Dukes B da C a 2003, suka samu cewa masu yawan Ki-67 sun fi masu ƙarancinsa kyakkyawar makoma. Gwajin Oncotype DX na uwar hanji, wanda aka gina ta hanyar tace ɗaruruwan saɗaru ba tare da fifita wani zato ba, ya ƙare da saɗaru bakwai masu hasashe, uku daga ciki na zagayen rabuwa ne, wato Ki-67 da MYC da MYBL2, kuma hauhawarsu rage makin haɗarin dawowar cuta take yi, alhali saɗarun naman da ke kewaye da ƙullutu, irin su FAP da BGN da INHBA, su ke ɗaga shi. Rabe-raben da Guinney da gamayyar masu bincike suka fitar a 2015 ya zo da irin wannan hoto, domin rukunin CMS4, mai yawan naman kewaye da saƙon TGF-beta, shi ne mafi munin makoma, ba rukunin CMS2 mai ƙarfin Wnt da MYC ba.

Dalilin yana bayyana ga wanda ya matsa da gilashi daga tsakiyar ƙullutu zuwa bakin gaɓarsa, inda sankara ke kutsawa cikin lafiyayyen nama. A tsakiya ƙwayoyin na jere kamar bututu, beta-katenin na bisa fatarsu, cibiyoyi da yawa sun yi ƙasa-ƙasa da rinin Ki-67. A bakin gaɓa sai jerin ya watse, a ga ƙwaya ɗaya-ɗaya ko 'yar tawagar da ba ta wuce huɗu ba ta ɓalle ta shige cikin naman kewaye. Andreas Jung da Thomas Brabletz da Thomas Kirchner sun nuna a 2001 cewa waɗannan ƙwayoyi na gaba beta-katenin ɗinsu ya koma cibiya, suna da saikilin D1, suna da p16 tare da shi, kuma Ki-67 ɗinsu ƙasa yake. Wato totur a take, birki a take, ƙwayar ta bar haihuwa ta kama tafiya. Su ne ke shiga jijiyoyin jini da na kaluluwa, kuma tunda kemoterafi ya fi kama ƙwayar da ke cikin zangon kwafi, hutun da suka yi kariya ce gare su. In sun sauka a hanta sai su koma jeri su ci gaba da rabuwa.

Wannan na nufin cewa maki ɗaya da aka ba ƙullutu gaba ɗaya ya haɗa jama'a biyu masu hali dabam, kuma ya fi wakiltar masu yawa na tsakiya, waɗanda wuƙar likita ke cirewa, fiye da 'yan tsirarun da ke yanke hukunci. Dabarar da Kononen ya gabatar a 1998, ta huda ɗan silinda mai faɗin milimita 0.6 daga kowane samfuri a jera ɗaruruwa a kan gilashi ɗaya, ta sauƙaƙa manyan bincike ƙwarai, amma galibi daga tsakiya ake hudawa. Ba abin banza ba ne cewa ƙirga waɗannan ɓallallun ƙwayoyi da rinin yau da kullum, ba tare da wani sinadarin garkuwa ba, ya samu karɓuwar da furotin zagayen ba su samu ba: taron masana a Bern na Suwizalan a 2016 ya daidaita ƙirgar a fili mai faɗin murabba'in milimita 0.785, inda goma ko fiye ke nuna babban haɗari.

Raunin tsarin bincike

A kan wannan matsala ta asali aka ɗora wasu na aiki. Wani ɗakin gwaji na kiran samfuri mai rini in kashi 5 cikin ɗari na ƙwayoyin sun kama, wani sai kashi 10, wani sai 50, kuma tun 1994 Douglas Altman da abokansa suka gargaɗi masu bincike cewa gwada layukan rabo iri-iri har a dace da wanda ya ba da sakamako mai daɗi yana haifar da alaƙar ƙarya da yawa. Sinadaran garkuwa sun bambanta, daɗewar nama a fomalin da shekarun da falle ya yi a ajiye suna dusasar da rini, majinyatan kuma an gauraya masu dubura da masu uwar hanji, waɗanda suka sha kemoterafi da waɗanda ba su sha ba. Ƙa'idojin REMARK na 2005 sun zo ne domin su tilasta bayyana waɗannan abubuwa, sai dai sun tarar an riga an tara tsibin rubuce-rubucen da ba sa kwatantuwa. Jagorar haɗin gwiwa ta ƙungiyoyin likitocin Amurka ta 2017 ta amince da gwajin saɗarun RAS da BRAF da na gyaran kuskuren kwafi, babu furotin zagayen rabuwa ko ɗaya a ciki.

Inda amfanin ya koma

Tambayar mataki na biyu a yau ana ƙoƙarin amsa ta ne da ma'aunan da ke duba ƙaura da garkuwa kai tsaye. Gwajin DYNAMIC na Ostareliya, wanda Jeanne Tie ta jagoranta aka wallafa a 2022, ya nemi ɓurɓushin DNA na sankara a jinin majinyata bayan tiyata, ya rage masu shan kemoterafi daga kashi 28 zuwa 15 cikin ɗari ba tare da dawowar cuta ta ƙaru ba a shekara biyu. Furotin zagayen kuwa ƙofar da ta rage musu ita ce ta zaɓen magani. Ƙwayar da ta rasa p53 ta rasa shingen G1, sai ta dogara kacokan ga shingen da ke tsakanin G2 da M, wanda furotin WEE1 ke tsarewa ta hanyar danne CDK1, in aka cire shi kuwa za ta faɗa rabuwa da lalatacciyar DNA ta mutu. Gwajin FOCUS4-C na Birtaniya ya jarraba wannan a 2021 da maganin adabosatib a majinyatan da ke da sauyin TP53 da na RAS a tare, inda lokacin da cutar ta tsaya cik ya tashi daga wata 1.87 zuwa 3.61, ko da yake tsawon rai bai ƙaru ba. Ribar ƙarama ce, majinyatan kuma 69 ne kacal, amma an karanta saɗarar ne kai tsaye, kuma an tambayi p53 abin da iliminsa zai iya amsawa.

Akwai darasi na musamman ga masu bincike a Nijeriya, inda rinin garkuwa ya fi karanta DNA araha da samuwa, abin da ke sa p53 da Ki-67 su zama zaɓin farko ga mai neman batun bincike. Nazarin da Olusegun Alatise na asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife ya yi tare da cibiyar Memorial Sloan Kettering ta New York, wanda aka wallafa a 2021, ya samu MSI a kusan kashi 28 cikin ɗari na samfuran Nijeriya, fiye da ninki uku na abin da aka gani a majinyatan New York, a cikin waɗanda ba su da MSI kuma sauyin APC bai kai rabi ba, alhali a can ya kai kashi uku cikin huɗu. Majinyatan Nijeriya sun fi ƙuruciya, cutar ta fi kama musu dubura, kuma sun fi zuwa asibiti bayan ta yi nisa. Tunda APC da Wnt su ne ke saman saikilin D1, MSI kuma shi ne baƙon da ya rikita lissafin p53 da p21, sakamakon da aka samo daga ma'aikatan lafiyar Amurka ba zai ɗauku a dasa shi a nan yadda yake ba. Samfuran wancan nazari daga kudu maso yammacin ƙasar aka tattaro su, don haka duk wanda zai yi makamancinsa a asibitocin koyarwa na Kano ko Zariya ko Maiduguri zai bukaci ya rina furotin huɗun gyaran kwafi a kan kowane samfuri kafin ya fassara rinin p53, ya karanta p53 gida uku maimakon biyu, ya ƙirga tsakiyar ƙullutu da bakin gaɓarsa daban-daban, ya rubuta awannin da nama ya yi a fomalin, ya tsayar da layin rabo kafin ya buɗe fayilolin majinyata, sannan ya tanadi lambobin waya da ma'aikacin da zai riƙa bibiyar waɗanda aka sallama har tsawon shekara biyar.